Faifan Dubu Tamanin da Biyar

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min sau huɗu tana tambaya wai ko an fasa auren ne. Ba a fasa ba 'yar uwa, amma saura ƙiris a fasa, kuma in na gaya muku abin da ya kusa jawo fashin dariya za ku yi. Gem ne. Gem ɗin ƙwallon nan da maza ke bugawa a talabijin suna ihu su kaɗai.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Safiyyatu, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta a nan Federal Low-Cost ta Gombe, unguwar da aka haife ni. Mutumin nawa kuwa Abdulhamid ne, ɗan Tudun Wada, sana'arsa haɗa sola. A gidanmu ma muka haɗu, lokacin da ya zo sa mana tamu. Aikin kwana biyu ne, amma sai da bawan Allahn nan ya dawo sau biyar wai duba batir, batirin da ko tari bai taɓa yi ba. A zuwa na biyar Mama ta ce min, "Ke kai masa ruwa ya faɗi abin da ke kawo shi, ya bar batirin nan ya huta." Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Har Baba ya ba shi izini ya turo manyansa ƙarshen wata.

To ranar Talatar makon jiya ya dawo daga Kano sayen kayan aiki. Tun da ya turo min "Na wuce Dukku, kin yi kewata ko in koma?" na kasa zama wuri ɗaya. Na sa atamfata mai ruwan toka da ɗigon ja, wadda ya taɓa cewa tana yi min kyau, na yafa jan mayafi, na shafa humra kaɗan. Kaɗan fa na ce, kada wata ta je ta ƙara min gishiri. Da ya iso, ko minti goma bai yi ba saboda gajiya. Ya miƙo min leda biyu a bakin get ya ce, "Ƙaramar taki ce, babbar ta Mama. Ki gaishe min da ita, kunya ba za ta bar ni in shiga da wannan ƙurar ba."

Da na san abin da ke cikin babbar ledar nan, wallahi da a bayan tankin ruwa zan fara zazzage ta.

Na shiga falo na tarar da Goggo Nana ta zo. Ƙanwar Baba ce, a Bolari take zaune, tana da shaguna uku da ta ba da haya, kuma duk abin da ya shigo gidanmu a leda sai ta ga ƙarshensa. Kafin Mama ta miƙa hannu har ta jawo ledar gabanta. Ta fito da turmin atamfa ta murza bakinsa ta ce ba laifi. Ta fito da dabino, da man zaitun, da turaren wuta a kwalba, tana yi tana gyaɗa kai. Can ƙasa sai ga wani siririn akwatin roba mai shuɗin baki, da hoton wani ƙato ya ɗaga ƙafa zai doki ƙwallo.

"Wannan kuma fim ne ya sayo min?" in ji Mama.

Goggo ta juya bayansa, ta matso da shi, ta nisanta shi. "Safiyya zo ki karanta min wannan 'yar takardar, idona ya fara yi min wasa. Dubu takwas da ɗari biyar nake gani ko?"

Na karɓa na duba. Sifili uku ne reras a bayan takwas da biyar. Allah ya sani na so in ce mata e, haka ne, don dubu takwas ɗin ma na ga har ta fara taɓe baki. Ina cikin haɗa ƙaryar sai ga sallamar Baba ya dawo daga masallaci. Ya zaro tabarau daga aljihun gaba, ya karɓi abin a hannuna.

"Dubu tamanin da biyar," ya faɗa a hankali. Ya buɗe akwatin, ya ga faifai ƙwaya ɗaya tal, ya leƙa ko akwai wani abu a ƙarƙashi, ya rufe. "Na wane ne?"

"Na Abdulhamid ne Baba. Ina jin mantawa ya yi ya haɗa da kayan Mama. Gem ne."

"Gem."

Daga haka ya ajiye a kan tebur ya wuce ɗakinsa.

Sai kun san Babana za ku gane dalilin da ya sa na tsorata. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, ya fito da gida ɗaya da mota ɗaya da mutuncinsa. Har gobe shi ke zuwa kasuwa da kansa, kuma zai iya tsayawa rabin awa a kan kwandon tumatir, ba don ba shi da kuɗin ba, sai don ya tsani a ce an yi masa wayo. Ba marowaci ba ne, ko kaɗan. Duk abin da muka nema na karatu bai taɓa cewa babu ba. Amma a wurinsa mutum biyu ne a duniya, wanda ya san zafin nema da wanda bai sani ba, kuma ya sha faɗa a gabanmu cewa na biyun ba zai ba shi ko akuya kiwo ba balle 'ya.

Kun san al'adarmu, kafin a ba mutum mata sai an yi bincike a kansa. An riga an yi wa Abdulhamid nasa tun watan jiya, aka dawo da labari mai daɗi: yana salla a jam'i, ba ya shaye-shaye, yana kula da mahaifiyarsa tun rasuwar babansu. To washegari Goggo ta buɗe sabon bincike ba wanda ya aike ta. Ashe ɗaya daga cikin 'yan hayarta, wani Desmond, shagon gem ne da shi. Da azahar ta faɗo gidanmu mayafi a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba ta fuskanci Baba, wanda take kira Hamma, wato yaya, ta fara.

"Hamma, dubu uku ne! Dubu uku! Desmond ya ce in ka kai masa na'urarka zai taɓa ta ya zuba maka irin wannan ɗin sak, 'yan ƙwallon nan dai su ne, filin ma shi ne. Ya ce ya san yaron sarai, shi ya sa masa sola a shago. Sau biyu yana yi masa tayi kyauta ma, ya ce a'a, shi sai na kamfani. Kuma wai ba sau ɗaya ba ne, duk shekara in sabo ya fito sai ya saya!"

Mama ta ce, "To Nana, ai guminsa ne."

"Guminsa ne yau. Gobe in ya ajiye 'yar mutane fa? Buhun shinkafa ne fa sukutum ya ɗauka ya mayar roba."

Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago ya dube ni. Ba faɗa a fuskarsa, kuma ni na fi tsoron hakan.

"Safiyya, ni ba wasan ne ya dame ni ba, kowa da abin da yake rage wa kansa zafi da shi. Amma mutumin da za a nuna masa abu a dubu uku ya ce shi sai ya biya tamanin da biyar, ko dai alfahari ke damunsa ko bai san ciwon kuɗi ba. Duka biyun ba na so miki. Ki gaya masa manyansa su ɗan dakata. Shi ya zo ranar Asabar ƙarfe biyar, ina so in ji ta bakinsa."

Na ce to, na tashi na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na ɗauki waya na tura wa Abdulhamid saƙo.

"Ka san ka bar faifanka a ledar Mama?"

"Alhamdu lillahi! Tun jiya nake juye mota ina nema. Ki adana min shi kamar ranki."

"Baba ya ga kuɗin."

Sai da ya yi kusan minti uku yana rubutawa yana gogewa. Can ya turo, "Inna lillahi. Takardar ba ta ɓare ba?"

"Ba ta ɓare ba. Abdul, dubu tamanin da biyar? A kan wasa?"

Maimakon ya ba ni haƙuri sai ya kira ni yana dariya, wai bari ya yi min lissafi. Wai shekara guda cur yake yi yana bugawa, in aka raba kuɗin a kan kwanaki bai kai na shayi da burodi ba. Wai mutane ɗaruruwa ne suka yi shekara suna aikin abin, in kowa ya je an zuba masa na dubu uku su wa zai biya su? Shi ma in ya haɗa wa mutum sola ai ba ya so a ce masa an gode kawai. Har da cewa leshin da na ɗinka na bikin ƙawata dubu sittin ne, kuma sau ɗaya ya ga na sa.

Jama'a, kun ji fa. Ana maganar aurenmu shi yana maganar leshina.

"Leshina yana cikin akwati, ko jikata sai ta sa shi," na ce. "Naka fa? Shekara na zagayowa ya zama shara."

"Ranki ya daɗe, ban ce ba ki da gaskiya ba."

"Baba ya ce manyanka su dakata. Ya ce ka zo ranar Asabar ƙarfe biyar."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Na ɗauka maganar dakatawar ce ta dake shi, har na fara jin tausayinsa. Sai na ji ya ce, "Asabar ƙarfe biyar? Safiyya, ba za a iya mayar da shi Lahadi ba? Ko ƙarfe huɗu, ko bayan magariba?"

"Me kake yi ranar Asabar ƙarfe biyar?"

Ya fara kame-kame.

"Abdulhamid, gem ɗin ne?"

"E. Amma ba yadda kike zato ba ne."

Na kashe wayar. Kuma a lokacin ne na tuna, tun da muke bai taɓa zuwa wurina ranar Asabar da yamma ba. Kullum da dalilinsa, ni kuma ban taɓa sa abin a raina ba. Na kifa kai a filo na yi kuka mai isata, don ina son mutumin nan, so ba na wasa ba, ga shi yana neman ya sa ni a layi ɗaya da faifan roba.

Ranar Alhamis a makaranta Becky ta lura da idona. Ita ce malamar 'yan aji uku, 'yar Kaltungo, tare muke cin abincin tara kullum. Na kwashe komai na gaya mata tana ɓare gyaɗa tana saurare.

"Ni dai a wurina abin nan bai kai kuɗinsa ba," ta ce. "Mijina Gilbert ma yana bugawa, amma sai ya jira shekara ta wuce ya sayi na hannu a dubu goma sha biyar. 'Yan wasan ne kawai suke canza riga. Amma tsaya, kin ce lokaci ɗaya yake yi duk sati?"

"Asabar ƙarfe biyar."

"To ba shi kaɗai yake yi ba. Mai buga wa kansa ba ruwansa da agogo. Na kamfanin nan amfaninsa ɗaya, da shi ake hawa onlayin a buga da wani a wani gari. Wanda aka zuba ba ya hawa. Ke dai tambaye shi da wa yake bugawa."

Kun san inda zuciyar mace take fara zuwa. Kafin a kaɗa ƙararrawa har na gama zana ta a raina, fara, 'yar Abuja, mai dogayen farata. Na tura masa, "Da wa kake bugawa?"

Sai bayan an tashi ina cikin keke saƙonsa ya shigo.

"Zan zo ranar Asabar in sha Allah, ƙarfe biyar saura kwata. Abin da zan faɗa na fi so in faɗa sau ɗaya a gaban Baba, don ban san ko zan iya maimaitawa ba. Alfarma ɗaya nake nema, ki roƙa min shi ya ara min talabijin ɗinsa na rabin awa. Kuma ba mace ba ce, na san ki."

Na yi tsaki, amma ba zan ɓoye muku ba, sai da na ɗan murmusa.

Da na isar da saƙon, Baba ya dube ni ta saman tabarau. "A falona zai buga?" Na ce haka ya ce. Sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu. Ni ma in ga abin da ake saya haka."

Ranar Asabar tun ƙarfe uku Goggo ta iso, wai ta zo duba Mama ne. Na yi zoɓo da cincin, na goge falo sau biyu, na sa doguwar riga ruwan zuma da farin mayafi. Biyar saura kwata daidai ya yi sallama. Farar shadda ce a jikinsa ta sha guga, da hula zanna, ga jakar goyo a hannu irin ta 'yan makaranta. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida su Mama, ya ƙi hawa kujera. Ni kuwa na ajiye tire na koma bayan labulen koridor na kafa kunne.

"Abdulhamid," in ji Baba, "ba zan ja ka da nisa ba. An ce abin nan ana samunsa dubu uku. Me ya sa kake biyan tamanin da biyar?"

"Baba, na dubu ukun ni kaɗai zan buga shi. Wannan kuwa da Hammana nake bugawa."

"Wanda ke Fatakwal?"

"Shi. Hamma Mudathir."

Na san yana da wa a Fatakwal, yana aiki a wani kamfanin jiragen ruwa. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce aiki ne ya riƙe shi, shi ya sa ma baffansu ne zai jagoranci masu zuwa tambaya.

"To ai sai ku yi waya," in ji Goggo. "Katin ɗari biyar ya ishe ku."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa da ya cire. "Goggo, shekara huɗu ke nan ba ya ɗaukar wayata."

Ya ci gaba da magana a hankali, yana yi yana tsayawa. Ya ce bayan rasuwar babansu aka taso da maganar sayar da gidansu na gado a Tudun Wada. Hamma Mudathir ya bugo ya ce kada a sayar, a jira shi ya zo. Shi kuma a lokacin yana neman jarin fara sana'a, sai ya bi bayan masu cewa a sayar, ya sa hannu. Da Hamman ya iso har mai saye ya rushe ɗakin babansu. Suka yi musayar maganganu marasa daɗi a gaban mahaifiyarsu, kuma shi ne ƙarami amma shi ya fi ɗaga murya. Tun ranar Hamma ya koma, yana yi wa mahaifiyarsu aike, yana kiranta, amma shi ko gaisuwar Salla ba ya amsa masa.

"Laifina ne Baba, ba nasa ba. Na ba da haƙuri ta waya, na aika baffa, na rubuta, shiru. To tun muna yara tare muke buga ƙwallon nan, shi ya koya min. Wata Asabar shekara biyu da suka wuce na kunna, sai na ga sunansa ya nuna yana kai. Na daɗe ina kallon sunan. Na ce bari in tura masa gayyata, in ya ƙi dama na saba. Sai ya karɓa."

"Ya yi magana?" Mama ta tambaya.

"A'a Mama. Muka buga wasa biyu ya sauka. Asabar ta gaba na dawo daidai lokacin, na same shi. Tun daga nan ba mu taɓa fashi ba, ko ranar da nake zazzaɓi sai da na hau. In sabo ya fito shi yana saya, kuma tsoho ba ya haɗuwa da sabo. In ban saya ba zai hau ya ga ba na nan." Ya dubi Baba. "Ina tsoron ya ɗauka na gaji ne."

Ina bayan labule na toshe bakina da mayafi. Ni da na zana 'yar Abuja mai farata, kunya ta kama ni kamar in nutse.

Baba ya dubi agogon bango. Biyar saura minti uku. "Tashi ka haɗa," ya ce.

Nan da nan ya zaro na'urar daga jakarsa ya jona, ya sa faifan. Sai kuma sabis ɗin wayarsa ya ƙi ja a falonmu, ya fara zufa yana ɗaga ta sama. Baba ya ɗaga murya, "Safiyya, na san kina nan. Fito ki ba shi data." Haka na fito ina jan ƙafa, na kunna masa tawa, na rakuɓe kusa da Mama. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, amma na ga yadda ya damƙe abin bugawar, wanda suke kira hannu.

Biyar daidai wani suna ya yi kore a gefen talabijin. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka fara.

Ni ban san kan ƙwallo ba, amma na ga masu jar riga sun fi masu fara zafi, kuma farar ce tamu. Ba a jima ba aka zura mana ɗaya. Goggo da ta zo yanke hukunci sai ga ta ta matso bakin kujera. "Kai Abdulhamid, ga shi can ta gefe! Ba shi mana! Wayyo, wannan mai tsaron gidan naka barci yake yi?" Mama ta taɓa ta, ta ce a bar ta, ai zalunci ne babba ya riƙa cin ƙarami haka. Da muka rama ɗaya har tafi ta yi. Baba kuwa na lura ba talabijin yake kallo ba, fuskar Abdulhamid yake kallo.

Aka tashi biyu da ɗaya, Hamma ya ci. Kafin a shiga na biyu Baba ya ɗaga hannu.

"Yana jin mu?"

"A'a Baba. Akwai abin magana a jikin hannun, amma a kashe nake barinsa. Shi ma nasa a kashe."

"Shekara biyu ba wanda ya taɓa kunnawa?"

"Ina tsoron in na yi magana ya sauka, ya zama wannan ɗin ma na rasa."

"Kunna ka ba ni."

Abdulhamid ya ɗago a firgice. Ya dube ni, karo na farko tun shigowarsa. Ya danna wani ɗan maɓalli, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya riƙe abin nesa da bakinsa kamar mai riƙe da kofin shayi mai zafi.

"Salamu alaikum. Mudathir, sunana Alhaji Wakili, daga nan Gombe. Ba ka san ni ba. Ƙaninka yana neman 'yata Safiyyatu, yanzu haka yana zaune a gabana. Na ji abin da ya shiga tsakaninku, ya kuma ce shi ne da laifi. Ni ban shiga maganar gida ba, wannan taku ce. Amma babanku ya rasu, kai ne ubansa yanzu. Ba zan karɓi masu tambaya ba sai da kai a cikinsu. In ka zo, na ba shi. In ba ka zo ba, sai ya ci gaba da jira, ni ba na gaggawa."

Ba abin da ke tashi sai kiɗan gem ɗin. 'Yan wasa na tsaye a fili suna jiran a danna. Ni dai idona na kan sunan nan, ina roƙon Allah kada koren ya ɗauke. Aurena gaba ɗaya ya koma hannun mutumin da ban taɓa gani ba, kuma na ji haushin Baba a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai muka ji ɗan ƙara, sannan numfashi.

"Wa alaikumus salam Baba. Ina wuni."

Muryarsu iri ɗaya sak, tasa ta ɗan fi kauri. Abdulhamid ya dafe bakinsa.

"Lafiya lau Mudathir. Ka ji bayanina?"

"Na ji Baba. Na gode da ka neme ni." Sannan ya ce, "Abdul yana kusa?"

Baba ya miƙa masa. Ya karɓa ya ce, "Ga ni, Hamma."

"Shekara biyu ina jira ka kunna abin nan, kai kuma ka zauna kana ta ba ni ƙwallo. Ka ɗauka ban san da gangan kake bari in ci ba?" Muryar ta karye a ƙarshe, ya yi gyaran murya. "Zan nemi hutu. Ka zo ka ɗauke ni a tasha ranar Alhamis."

Abdulhamid ya kifa fuskarsa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza, babban mutum da shaddarsa a tsakiyar falonmu. Goggo na share ido da bakin mayafi tana cewa ita dama ta san yaron kirki ne. Baba ne ya sunkuya ya amsa masa.

"Zai zo, Mudathir. Allah ya kawo ka lafiya."

Da zai tafi Baba ya ɗauko akwatin faifan da kansa ya miƙa masa. "Har yanzu ina kan bakana, robar nan ba ta kai dubu tamanin da biyar ba, sun cuce ku. Amma da ka san abin da ke cikinta ka ƙi saya don tsada, da ban ba ka 'yata ba."

Yau Laraba. Motar Hamma ta taso daga Fatakwal tun da safe, kuma daga ɗazu zuwa yanzu Abdulhamid ya kira ni sau shida. Ya wanke mota, ya yi aski, ya sayi shadda, amma tambayarsa ɗaya ce: in Hamma ya sauko, me zai fara ce masa? Na ce ya gaishe shi kawai. Ya ce in ya tuna ɗakin babansu fa? Duk wadda ta taɓa shiryawa da ɗan uwanta bayan dogon gaba, don Allah ta rubuto min yadda aka fara, ina so in sami abin gaya masa kafin gobe da azahar.